Lallen Hajiya Sa'adiya

Shafi na 14

Masu turo min saƙo cewa Hafsat ta yi daidai da ta kai ƙarar Sista Regina, na gan ku. Ni ma na gaji da asibitocin da ake cewa “ba komai” har a rasa rai. Amma wannan shafin ku nemi wuri ku zauna kafin ku karanta.

*

Tamanin da biyar.

Hafsat ta sake kallon lambar da ke jikin na'urar auna iskar jini. Ba ta hau ba, ba ta sauka ba. Mai lafiya daga casa'in da biyar zuwa sama yake nunawa, wannan ko ɗalibar jinya ta shekarar farko ta sani.

Awa guda ke nan da aka gama ɗaukar wa Hajiya Sa'adiya hoton zuciya a ƙaramin asibitin kuɗi da ke Tarauni, irin hoton nan da ake zura siririn bututu ta maƙogwaro don a hango zuciyar ta baya. An gama lafiya. Dakta Junaid ya ce ta huta kafin a sallame ta, ya fita sallar azahar.

“Lalle ne,” Hafsat ta ce, karo na uku.

Sista Regina ta ɗago ta kalle ta.

“Sista, na karanta shi a takardar bincike. Baƙin lalle yana tare hasken na'urar. Dubi yatsunta fa, har kan farce aka zizara mata. Shekaranjiya aka yi sunan jikarta.”

“Na ji ki.”

“To me ya sa kike ta kallona haka?”

Sista Regina ta ajiye biron hannunta. Shekara ashirin da bakwai tana aikin jinya, a Kano aka haife ta, a Unguwa Uku take zaune, Hausarta ta fi ta wasu 'yan gari. Ta tako a hankali, irin tafiyarta da ke ƙona wa Hafsat rai, ta cire maƙalar na'urar daga yatsan Hajiya, ta ɗauko ta kunne ta maƙala mata.

Suka jira.

Tamanin da biyar.

“Kunnen ma lalle aka sa masa?”

Hafsat ta kau da kai.

Sista Regina ta sunkuya. “Hajiya, yi haƙuri, buɗe min bakinki.”

Ta ja leɓen ƙasa da babban yatsa. A fuska ba a ganin komai, Hajiya baƙa ce wankan tarwaɗa. Amma cikin leɓen, inda ya kamata ya yi ja, ya koma kamar an shafa toka. Harshen ma haka.

“Kaina... kaina yana sara,” Hajiya ta ce da ƙyar. “Hafsatu, kina nan?”

“Ina nan, Hajiya.”

“Kira Dakta,” Sista Regina ta ce. “Da gudu. Ko sallama bai yi ba ki tsaya a bayansa.”

*

Dakta Junaid ya shigo da ruwan alwala bai gama bushewa a gemunsa ba. Ya sa aka ƙure oksijin. Ya ɗora abin awo a ƙirjinta, gaba da baya.

“Huhun a buɗe yake. To me ya hana lambar motsi?”



“Ko jini ne ya daskare ya tafi huhu. Ko kuma bututun ya ji mata ciwo a ciki, Allah ya kiyaye.” Ya fizgi fayil ɗin. “Feshin maƙogwaro fa? Sau nawa aka fesa?”

“Ni sau biyu na fesa,” Sista Regina ta ce. “Gajeru. Ga shi na rubuta.”

Hafsat ta ji yadda ta danna kalmar “ni”. Dakta bai ji ba.

“Biyu... da wuya ya zama shi ne.” Ya rufe fayil ɗin. “A fito da mota. Babban asibiti za mu kai ta a duba huhun. Ba zan zauna ina canki-canka ba.”

Ya fita yana latsa waya.

Sista Regina ta miƙa hannu kan teburin kayan aiki, ta ɗauki gwangwanin maganin feshin, wanda ake kashe maƙogwaro da shi don kada mara lafiya ya ji shigar bututu. Da safen nan ta ɓare shi da hannunta. Ta kai shi kusa da kunne, ta girgiza. Ta auna nauyinsa a tafin hannu.

“Hafsat. Zo ki taya ni ɗauko ruwan ƙari.”

Ruwan ƙari yana nan a rataye, leda biyu.

*

Ɗakin ajiyar magani bai fi a tsaya mutum biyu ba. Sista Regina ta tura ƙofar da bayanta.

“Sau nawa?”

“Sau nawa me?”

“Kada ki ɓata min lokaci, 'yar nan. Ba ni da shi, ita ma ba ta da shi. Da na fita ɗauko safar hannu, sau nawa kika ƙara?”

Hafsat ta kalli kwalayen da ke kan kanta. Ta kalli ƙasa.

“Yunƙurin amai take ta yi tun kafin a fara. Ta riƙe min hannu, Sista. Ta ce Hafsatu, ni fa na yi goyonki, ƙara min kada in ji komai. Hawaye take yi. Aminiyar Ummata ce, katanga ɗaya ce tsakanin gidajenmu a Gyaɗi-Gyaɗi. Ya zan yi?”

“Sau nawa?”

“Huɗu.”

“Gajeru?”

Hafsat ta sunkuyar da kai.

“Hafsat!”

“Na ɗan... na ɗan daɗe ina dannawa.”

Sista Regina ta runtse ido. “Yesu na.”

“Ba fa allura ba ce! Feshi ne kawai, ko a kemis...”

“Kin rubuta?”

Wannan tambayar ita ta fi komai ciwo. Takardar da ke manne a bangon ɗakin aiki, mai manyan baƙaƙe, ABIN DA BA A RUBUTA BA, BA A YI SHI BA, Hafsat ce ta buga ta da kuɗinta ta manna, sati biyu da fara aikinta. Ita ce kuma ta rubuta wa shugaban asibiti wasiƙa shafi uku a kan matar nan da ke tsaye a gabanta: tana da nawa, ba ta iya kwamfuta ba, tana leƙa bakin marasa lafiya maimakon ta yarda da na'ura, tana cusa magungunan da babu mai amfani da su a durowarta. Ranar Litinin za a zauna a kan wasiƙar.

“Ban rubuta ba.”

“Kuma awa guda kina gaya min lalle ne.”

“Wallahi na ɗauka lallen ne.”

“Kin so ya zama lallen dai.”

Hafsat ta rufe fuska da tafin hannu. “Sista, don Allah. Ki gaya wa Dakta kina zargin feshin ne. Ba sai an ce...”

“Na gaya masa biyu, ya ce da wuya. Kin ji da kunnenki. Idan aka sa ta a motar nan, a kan huhu za a yi ta nema, kuma huhunta lafiya ƙalau yake. Ga cunkoson masu tashi daga makaranta. Kafin wani ya tuna da gwangwani, an yi la'asar.” Ta matso. “Sau ɗaya na taɓa ganin wannan abin, shekara goma sha tara da suka wuce. Wani malamin makaranta. Maganin yana lalata jinin ne, ya hana shi ɗaukar iska. Ko duk oksijin ɗin Kano ki ɗura mata, jinin ba zai karɓa ba.”

“Ya rayu?”

Sista Regina ta kama mariƙin ƙofa.

“Ni ba zan faɗi sunanki ba. Ban ga lokacin da kika fesa ba, kuma ba na shaida a kan abin da ban gani ba. Ke za ki faɗa. Ina ba ki daga nan zuwa bakin gadonta.”

*

Suna fitowa suka tarar da hayaniya a baranda.

Kabiru ne, babban ɗan Hajiya, mai shagon tayoyi a bakin titin Zoo. Shi ya kawo ta da safe. Ya ga ana juyo da motar asibiti, ya ji an ce Ummansa za a ɗauka. Wayarsa tana sama, yana ɗauka.

“Ga ta nan! Ga matar nan!”

Ya nufo Sista Regina da wayar har kusa da fuskarta.

“Da ƙafarta ta shigo! Da ƙafarta! Me kika yi mata?”

“Malam Kabiru, ka sauke wayar, mu yi aiki.”

“Aiki? Ke har kin san aiki? Ai mun san labarinki tun a gida! Hafsat ta gaya wa Umma komai, a tsakar gidanmu, ina zaune ina ji. Ta ce akwai wata tsohuwa a wurin aikinsu, sai ta kashe wani za a gane. To ga shi! Wallahi yau sai duk Kano ta ga fuskarki!”

Masu jiran likita suka miƙe tsaye. Wata mata ta ja ɗiyarta gefe.

Sista Regina ba ta kare fuskarta ba. Ba ta kuma kalli Kabiru ba. Hafsat ta kalla, kallo ɗaya, ba na fushi ba. Da fushin ne ma da ya fi sauƙi.

“Hafsat, faɗa musu!” Kabiru ya juyo da wayar kanta. “Faɗi abin da kika gaya mana! Kada ki ji tsoron kowa, ina bayanki!”

Dakta Junaid ya leƙo daga ɗakin. “Wane irin ihu ne wannan a asibiti? Sista, mota ta shirya, a turo gadon.”

“Dakta.”

Hafsat ce, amma bai ji ta ba. Ta sake.

“Dakta, ba biyu ba ne.”

“Mene ne ba biyu ba?”

“Feshin. Shida ne. Sista ta yi biyu, ta rubuta. Da ta fita ni na ƙara huɗu, masu tsawo. Ban rubuta ba. Ban gaya wa kowa ba. Kuma tun awa guda lambar take tamanin da biyar. Ni na ce lalle ne.”



Wayar Kabiru tana nan a sama, a kan fuskarta, kamar ya manta hannunsa ne ke riƙe da ita.

“Ke?” ya ce a hankali. “Hafsat, ke?”

“Ni ce, Yaya Kabiru.”

Dakta bai tsaya faɗa ba. “A kashe motar nan! Sirinji!”

*

Sista Regina ce ta ja jinin. Hafsat tana riƙe da hannun Hajiya, hannun nan mai zanen furanni har gwiwa, ya yi sanyi kamar an tsamo shi daga randa.

Jinin da ya hau sirinjin ba ja ba ne.

Ruwan ƙasa ne, mai duhu, kamar jiƙon tsamiya da ya kwana. Sista ta ɗiga ɗigo ɗaya a kan farar auduga, ta kaɗa shi a iska. Jinin kirki idan ya sha iska ja yake ƙarawa. Wannan ko gezau.

“Methemoglobinemia,” Dakta ya ce, kamar yana karanta hukunci. “A littafi kawai na san shi. Shekara tara ina wannan hoton, ban taɓa gani ba.” Ya shafa kai. “Akwai allurarsa, wata shuɗiya. Cikin minti kaɗan take juyo da jini. Amma ina za mu same ta? Kantin maganinmu ba sa ajiyewa, na sani. Kira min...”

Sista Regina ta riga ta fita. Ta dawo da ƙaramin kwali a hannu, an ɗaure shi da roba. Ta buɗe. 'Yan kwalabe biyu, ruwan cikinsu shuɗi kamar shuni.

“Daga ina?”

“Durowata. Duk shekara biyu nake matsa wa ofis su sayo sabo kafin wannan ya lalace. Suna ce min mai taurin kai.” Ta miƙa masa. “Duba kwanan wata. Sai baɗi.”

Durowar. Layi na huɗu a shafi na biyu na wasiƙar Hafsat. Har jan layi ta yi a ƙarƙashinsa.

Ta so ƙasa ta buɗe.

Dakta ya fasa kan kwalbar, ya fara ja. “Nauyinta nawa? Ba ni fom ɗin tambayoyin safe.”

Hafsat ta miƙa masa. Rubutunta ne, tsaf-tsaf, babu gogewa ko ɗaya.

Yana ja yana bin layukan da ido. “Kilo saba'in da huɗu. To. Saura abu ɗaya, wannan allurar ba a yi wa mai ƙarancin G6PD, wani ciwon jini ne na gado. Maimakon ta gyara jinin, farfasa shi take yi.” Yatsansa ya tsaya a ƙasan takardar. “An tambaya. Babu a ita, babu a dangi. Alhamdulillahi.”

Ya ajiye fom ɗin. Ya kama robar allurar da ke bayan hannun Hajiya, ya buɗe murfin.

Ku tsaya in faɗi wani abu a nan, don yana cina. Baƙo idan ya zo asibiti, tambaya ashirin za a yi masa, ya amsa ashirin. Amma bari ɗan unguwa ya zo, ko ƙawar uwa, ko surukin wani. Sai a fara “ai mun san ta”, “ai ba sai an wahalar da ita ba”. Mun mai da tsallake tambaya girmamawa. Wanda muka fi ƙauna shi muka fi bari a cikin haɗari, kuma muna yi muna jin mun kyauta.

Hafsat ta san layin da yatsan Dakta ya tsaya a kai. Ta san abin da aka rubuta a wurin: Fitsarinki ya taɓa yin baƙi bayan shan magani? Idonki ya taɓa yin ɗorawa? Akwai mai irin haka a gidanku?

Da safe ta zo kan layin. Hajiya tana zaune da mayafinta, Kabiru yana tsaye a kanta riƙe da jakarta. Matar da ta goya ta, ta yi mata kitso, ta ba ta kuɗin makarantar allo. Ta dubi tsabar idonta, a gaban ɗanta namiji, ta tambaye ta launin fitsarinta?

Bakinta ya ƙi. Ta ce a ranta, shekara ashirin da shida ina shiga gidan nan, da akwai da na ji. Ta sa alama a kan “babu”, ta wuce layi na gaba.

Bakin sirinjin ya shiga robar. Babban yatsan Dakta ya hau kan matsin.

Babu wanda ya sani. Ko Sista Regina ba ta san wannan ba, babu gwangwanin da za ta girgiza. Idan ta yi shiru, wataƙila babu abin da zai faru. Mata ba su cika samunsa ba, ta karanta wannan ma. Ta riga ta zubar da mutuncinta sau ɗaya yau, a gaban baranda guda da wayar Kabiru.

Ta karanta. Kamar yadda ta karanta lalle.

Ta cafke wuyan hannunsa.

“Dakta, tsaya!”

“Ke lafiyarki? Sake ni!”

“Ban tambaye ta ba.”

“Me?”

“Layin ƙarshen nan. Ban tambaye ta ba. Kunya na ji. Ni na cike da kaina.”

Dakta Junaid ya dube ta kamar bai taɓa ganinta ba. A hankali ya zare sirinjin, ya ɗaga shi sama, nesa da hannun Hajiya.

“Akwai sauran abin da kika cike da kanki?”

“Babu. Wallahi babu.”

“Gwajin nan ba a yinsa a nan. Kafin a kai jini a dawo...” Ya sunkuya kan gadon. “Hajiya! Hajiya Sa'adiya, kina ji na? Kin taɓa shan magani idonki ya canza?”

Leɓunanta suka motsa. Babu abin da ya fito. Idanun suka lumshe.

“Hajiya!” Hafsat ta girgiza kafaɗarta. “Hajiya, Hafsatu ce, don Allah ki amsa!”

Sista Regina ta juya bakin ƙofa. Kabiru yana nan tsaye, wayar ta koma aljihu, hularsa a hannu yana murɗa ta.

“Malam Kabiru, matso. Ka nutsu ka ba ni amsa, ba faɗa muke ba. A gidanku, cikin 'ya'yan da Hajiya ta haifa, akwai wanda ya taɓa shan maganin zazzaɓi idonsa ya yi ɗorawa, fitsarinsa ya yi baƙi kamar lemon kwalba? Ko wanda likita ya ce kada a sa masa kafur a cikin kaya?”

Kabiru ya daina murɗa hular.

“Me ya sa kike tambaya?”

“Don ɗa namiji a wurin uwa yake gadonsa.”

Ya kalli Ummansa. Ya kalli shuɗin ruwan da ke hannun Dakta. Ya zaro walat, ya laluba bayan katin zaɓe, ya fito da wani tsohon kati da ya sha ninki har rubutun ya fara gogewa.

“Ina aji uku aka ƙara min jini leda biyu,” ya ce. “Ni da Sulaiman ƙanena, duk mu biyun. Umma ta ce kada mu gaya wa kowa a unguwa, kada a ce gidanmu akwai ciwo.”

Ya miƙa wa Sista Regina katin, ita da ya gama zagi a baranda.

“Sista... idan ba za a yi mata allurar ba, me za a yi mata?”

Sista Regina ta karanta katin, ƙarancin G6PD aka rubuta a jiki. Ta miƙa wa Dakta. Dakta ya karanta, ya ajiye sirinjin a kan tire.

Hannun Hajiya da ke cikin na Hafsat ya saki.